Dennis Ritchie: Mutumin da ya ƙirƙiro harshen C da littafin da har yau ake koyon sa da shi

Ranar 12 ga watan Oktoban 2011 aka tarar da gawar Dennis Ritchie a gidansa da ke Berkeley Heights, a jihar New Jersey ta Amurka, inda yake zaune shi kaɗai. Shekarunsa 70. Mako guda kafin nan Steve Jobs na kamfanin Apple ya mutu, kuma kafofin yaɗa labarai ba su gama jimaminsa ba, don haka labarin mutuwar Ritchie bai yi amo ba sai a tsakanin masana kwamfuta. Tsohon abokin aikinsa, Rob Pike, shi ne ya fara sanar da ita a intanet.

Sai dai duk mai riƙe da wayar Android a kasuwar Ƙonni, ko mai sauraron saƙon murya a Dogarawa daga ɗan'uwansa da ke ci-rani a Abijan, yana cin gajiyar aikin wannan mutum. Zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da Android, wato Linux, da harshen C aka rubuta kusan dukkanta, kuma Ritchie ne ya ƙirƙiro C. Ita ma iPhone ta Steve Jobs, manhajarta ta samo asali ne daga Unix, wadda Ritchie da abokinsa Ken Thompson suka gina.

Bayan harshen da manhajar, ya bar wani ɗan littafi da aka fi shekara 40 ana koyon shirya manhaja da shi.

Gadon gida

An haifi Dennis MacAlistair Ritchie ranar 9 ga Satumban 1941 a Bronxville da ke jihar New York, ya kuma tashi a garin Summit na New Jersey. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masanin kimiyya ne a Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T, inda aka ƙirƙiro taransisto a 1947. Yana cikin mutum uku da suka rubuta wani littafi kan tsarin na'urorin haɗa layukan tarho a 1951.

Dennis ya shiga Jami'ar Harvard, ya yi digirin farko a kimiyyar fizik a 1963, sannan ya ci gaba da karatun lissafi. Daga baya ya riƙa faɗa cikin raha cewa karatun farko ya nuna masa ba shi da kaifin da zai zama masanin fizik, na biyun kuma ya nuna masa ba zai zama gwani a zurfin nazarin lissafin kwamfuta ba.

A 1968 ya kammala rubuta kundin digirinsa na uku, amma bai miƙa kwafin da aka ɗinke ga jami'ar ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada, don haka ba a taɓa ba shi digirin ba. Bai koma ta kansa ba har ya mutu. Sai a 2020 gidan adana tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya ya fito da kwafin kundin ga jama'a.

Tun a 1967 ya riga ya kama aiki a Bell Labs, a harabarta da ke Murray Hill, kuma bai sake wurin aiki ba har ya yi ritaya bayan shekara 40.

Daga rushewar Multics zuwa Unix

Aikin da ya fara tarar da shi sunansa Multics, wani gagarumin shiri na haɗin gwiwa tsakanin Bell Labs da jami'ar MIT da kamfanin General Electric. Manufar ita ce mutane da yawa su riƙa aiki da kwamfuta guda a lokaci guda, kowa daga teburinsa. Shirin ya ci kuɗi ya kuma yi ta jan ƙafa, lamarin da ya sa Bell Labs ta janye a 1969.

Janyewar ta bar Thompson da Ritchie da abokan aikinsu ba su da irin yanayin aikin da suka saba da shi. Thompson ya samu wata tsohuwar kwamfuta ƙirar PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, ya fara rubuta mata ƙaramar manhaja mai tafiyar da na'ura, Ritchie na taya shi tsara yadda za a adana fayiloli. A 1970 aka raɗa mata suna Unix, sunan da ake jinginawa ga wani abokin aikinsu, Brian Kernighan, a matsayin zolayar Multics.

Domin shugabanni su yarda su saya musu sabuwar kwamfuta, sai suka yi alƙawarin samar da manhajar buga takardu. Haka aka sayo PDP-11, kuma a 1971 masu buga takardu na sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na kamfanin suka zama mutanen farko da suka yi aikin yau da kullum da Unix. Duka ƙwaƙwalwar wannan kwamfuta kilobayit 24 ce: 16 na babbar manhajar, 8 na sauran aiki. Hoto guda da wayar yau ke ɗauka ya ninka wannan sau da yawa. Wannan ƙunci ne ya koya musu tsumulmular da ta bi C har yau.

Yadda aka samu C

A wancan zamani, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akan rubuta ta ne da harshen asambili, wanda umarni ne ɗaya bayan ɗaya da aka keɓe wa ƙirar na'ura guda. Yana da sauri, amma wahalar rubutu da karatu gare shi, kuma da zarar an sauya ƙirar kwamfuta sai a sake aikin daga farko.

Thompson ya ɗauko wani harshe mai suna BCPL, wanda Martin Richards na Jami'ar Cambridge ta Ingila ya tsara, ya rage masa nauyi ya kira shi B. Matsalar B ita ce bai bambanta nau'in bayanai ba: harafi da lamba da adireshi duk abu ɗaya ne a wurinsa. Hakan bai dace da PDP-11 ba, wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwarta bayit ɗaya bayan ɗaya.

Daga 1971 Ritchie ya fara yi wa B kwaskwarima. Ya shigar da nau'o'in bayanai, ta yadda mai rubutu zai faɗa wa na'ura cewa wannan harafi ne, wancan lamba ce. Ya sake tsarin manuni, sannan ya ƙara hanyar tara bayanai mabambanta a dunƙule ɗaya, kamar suna da shekaru da lambar waya a ƙarƙashin mutum guda. Zuwa 1972 harshen ya yi nisa da B har ya cancanci sabon suna, aka ba shi harafin da ke biye.

Manunin nan shi ne ƙashin bayan C. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar layin rumfunan kasuwa take, kowace da lambarta. Manuni takarda ce da ke ɗauke da lambar rumfa, mai riƙe da ita yana iya zuwa kai tsaye ya ɗauka ko ya ajiye. Wannan ya bai wa mai rubutu da C ikon da a da sai mai asambili ke da shi, cikin harshen da mutum zai iya karantawa.

A 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da C. Tun da yanzu manhajar tana cikin harshen da bai ta'allaƙa da na'ura guda ba, babban abin da ake buƙata don kai ta wata ƙirar kwamfuta shi ne tafinta, wato manhajar da ke juya C zuwa umarnin sabuwar na'urar, sai kuma gyaran wasu sassa kaɗan. A 1977 da 1978 Ritchie da Steve Johnson sun tabbatar da haka, suka ɗora Unix a kan kwamfutar Interdata 8/32, wadda ƙirarta ta sha bamban da PDP-11.

Yadda ta bazu

A Oktoban 1973 Ritchie da Thompson suka gabatar da Unix a wani taron masana, aka kuma buga maƙalarsu a watan Yulin 1974. Nan take jami'o'i suka fara neman kwafi.

Wata yarjejeniya da AT&T ya ƙulla da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba. Saboda haka ya riƙa bai wa jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan, haɗe da ainihin rubutun manhajar. Ɗalibai suka samu damar buɗe cikinta su karanta layi bayan layi, su gyara, su ƙara nasu. Daga irin wannan aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka samu reshen Unix mai suna BSD, wanda manhajojin Apple na yau suka gaji wani sashensa.

A Ostireliya, wani malami a Jami'ar New South Wales mai suna John Lions ya buga rubutun zuciyar Unix ta shida, wanda bai kai layi 10,000 ba, ya haɗa da sharhi domin ɗalibansa. Da fitowar Unix ta bakwai a 1979, AT&T ya hana koyar da rubutun a aji. Ɗalibai suka koma kwafar littafin Lions a injin hoto, kwafi daga kwafi, ana miƙa shi hannu da hannu kusan shekara 20, sai a 1996 aka ba da izinin buga shi a fili.

Littafi mai shafi 228

Kernighan ya riga ya rubuta wani ɗan jagora na koyon C domin ma'aikatan Bell Labs. Shi ne ya shawo kan Ritchie su faɗaɗa shi ya zama littafi. A Fabrairun 1978 kamfanin Prentice Hall ya fito da The C Programming Language, mai shafi 228, wanda masu sana'ar ke kira K&R, daga haruffan farko na sunayen marubutan. Kernighan ne ya rubuta yawancin darussan, Ritchie kuma ya rubuta babin da ya shafi Unix da kundin ƙa'idojin harshen da ke ƙarshen littafin. Kernighan ya sha nanata cewa ba shi da hannu a ƙirƙirar C, aikin Ritchie ne shi kaɗai.

Tsarin littafin ne ya sa ya yi fice. Babi takwas ne kawai. Tun a shafukan farko mai karatu zai rubuta manhajar da ke buga gaisuwa ta kalma biyu a fuskar kwamfuta, al'adar da kusan duk littattafan koyon shirya manhaja suka ɗauka daga baya. Daga nan sai jadawalin juya ma'aunin zafi daga Faranhait zuwa Salsiyos, sai manhajar ƙirga kalmomi da layuka. Misalan duk manhajoji ne masu aiki na gaske. Kafin ƙarshe, mai karatu zai ga yadda ake rubuta manhajar da ke rarraba ƙwaƙwalwar kwamfuta da kanta.

Akwai atisaye a ƙarshen kusan kowane sashe, kuma ba a saka amsoshinsu ba. Sai daga baya wasu marubuta biyu, Clovis Tondo da Scott Gimpel, suka fitar da littafin amsoshin daban.

Shekara fiye da goma kundin da Ritchie ya rubuta a bayan littafin shi ne alƙali ga duk mai son gina tafintan C. Da harshen ya yaɗu, kowane kamfani ya fara ƙara nasa, sai hukumar daidaita ma'aunai ta Amurka, ANSI, ta kafa kwamiti a 1983. Ƙa'idar da kwamitin ya fitar ta tabbata a 1989, hukumar ISO ta duniya ta amince da ita a 1990. Muhimman kalmomin harshen a wannan ƙa'ida 32 ne kacal. An fitar da bugu na biyu na K&R a 1988 mai shafi 272 domin ya dace da ita, kuma tun daga lokacin ba a sake sabon bugu ba. An fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Faransanci, da sunan Le langage C.

Inda C ke da rauni

'Yancin da C ke bai wa mai rubutu shi ne kuma hatsarinsa. Harshen ba ya duba ko abin da ake zubawa ya fi ƙarfin wurin da aka tanada. Idan aka juye buhu a tiya, abin da ya zube yana faɗawa cikin kayan maƙwabci, kuma a kwamfuta maƙwabcin na iya zama umarnin da na'ura za ta bi. Masu kutse suna amfani da wannan kafa su cusa nasu umarnin.

A Nuwamban 1988 wata muguwar manhaja da ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi irin wannan ambaliya ce. Mahaifin ɗalibin tsohon abokin aikin Ritchie ne a kan Unix. A 2014 an gano irin wannan kuskure na ƙetare iyaka a manhajar tsaro ta OpenSSL, aka kira shi Heartbleed, wanda ya jefa bayanan sirrin masu amfani da ɗimbin shafuka cikin haɗari. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na matsalolin tsaron da yake toshewa a kowace shekara sun shafi sarrafa ƙwaƙwalwa ne.

Wannan ya sa ake neman madadi. A Disamban 2022 Linux ta fara karɓar harshen Rust a zuciyarta, a Fabrairun 2024 kuma Fadar White House ta fitar da rahoton da ke kira ga kamfanoni su koma ga harsunan da ke tsare ƙwaƙwalwa da kansu. Shi kansa Ritchie bai ɓoye naƙasun harshen ba. A maƙalar da ya gabatar kan tarihin C a 1993, ya amince cewa akwai kurakurai da abubuwa masu rikitarwa a tsarinsa, ya kuma ce sa'ar zamani na cikin abin da ya ɗaga shi.

Duk da haka C bai kau ba. Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, har yanzu mafi yawanta C ce. Babban tafintan Python da C aka rubuta shi, haka ma SQLite, rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da iPhone. Harsunan C++ da Java da JavaScript da Go duk sun gaji siffar rubutunsa.

Lambobin yabo da ƙarshen rayuwa

A 1983 Ritchie da Thompson suka samu lambar Turing, mafi girma a fannin kwamfuta. A Afrilun 1999 Shugaba Bill Clinton ya miƙa musu lambar fasaha ta ƙasar Amurka, a 2011 kuma aka ba su lambar yabo ta Japan. A tsakanin waɗannan shekaru Ritchie ya jagoranci sashen da ya samar da manhajojin Plan 9 da Inferno, ya yi ritaya a 2007 yana shugaban sashen binciken manyan manhajoji, lokacin da Bell Labs ta riga ta fita daga hannun AT&T.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da kawaici da gudun fitowa fili. A intanet an fi sanin sa da haruffa uku, dmr, sunan da yake shiga kwamfuta da shi. Bai kafa kamfani ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da cutar sankara da ciwon zuciya. Bayan mutuwarsa, masu haɗa Fedora 16 da FreeBSD 9.0 sun sadaukar da waɗannan fitowa gare shi.

Abin da ya rage wa mai son koyo

Ga matashin da ke Malbaza ko Illela ko Ƙonni, C na da wata fa'ida ta musamman: ba ya buƙatar babbar kwamfuta ko intanet mai ƙarfi. Tafintocinsa irin su GCC da Clang kyauta ne, tsohuwar kwamfutar hannu ta wadatar, kuma manhajar Termux na bai wa mai wayar Android damar rubuta C ya gwada a kan wayar.

Littafin K&R ya fi dacewa da wanda ya taɓa ɗanɗana wani harshen, domin a taƙaice yake, kuma ba ya ɗauke da sauye-sauyen da aka yi wa ƙa'idar a 1999 da 2011 da bayansu. Sabon shiga kan fi jin daɗin littafin K. N. King, C Programming: A Modern Approach, ko kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard da ake bi kyauta a intanet, wanda makonninsa na farko da C ake yi. Wanda ya yi boko da Faransanci zai samu fassarar K&R da kuma darasin C na dandalin OpenClassrooms. Mai son bin sawun ɗaliban John Lions kuwa, jami'ar MIT ta sake rubuta Unix ta shida a 2006 da sunan xv6 domin koyarwa, kuma rubutunta da sharhinta a buɗe suke ga kowa.

Inda ake buƙatar wannan ilimi bai yi nisa da gida ba. Ƙananan na'urorin da ke cikin mitar lantarki, da na'urar daidaita cajin batirin sola, da masu kunna famfo su kashe, galibinsu da C ko ɗan'uwansa C++ ake ba su umarni, haka ma allon Arduino da ɗalibai ke gwaji da shi. A Nijar an riga an ga tsarin ban-ruwa ta wayar salula da Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro, wanda ke bai wa manomi damar kunna famfonsa daga nesa. A yankin da albasar Galmi da gonakin ban-ruwa na Ƙonni ke ciyar da dubban gidaje, wanda ya iya shirya irin waɗannan na'urori da gyara su yana da sana'a a hannu.

Hanyar da littafin Ritchie ya shimfiɗa ba ta sauya ba tun 1978: a rubuta ƙaramar manhaja, a gwada, a nemo kuskuren, a gyara, sannan a karanta rubutun waɗanda suka ƙware. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma galibin masu koyo a babi na biyar suke fara jin jiki, wato babin manuni.